KIMIYYA DA TSARON DUKIYA: YADDA ZA A KARE BABUR DAGA ƁARAYI A GIDA DA KUMA WURIN AJIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Nahuce, a ƙaramar hukumar Bungudu ta Jihar Zamfara, da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Gusau har zuwa Tsafe, ya san cewa babur ya daɗe da karɓe aikin jaki da keke. Da shi manomi ke kai buhun gero ko waken suya kasuwa, da shi ake garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare, da shi kuma malamin makaranta ke isa aji a kan lokaci. Ga ɗan kabu-kabu kuwa, wato mai sana'ar acaba, babur shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Da yawa daga cikin masu baburan nan ba su mallake su ba sai da aka sayar da amfanin gona na shekara guda, ko sa, ko kuma aka karɓa bisa yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Saboda haka ranar da aka sace shi, magidanci kan wayi gari babu abin hawa, babu hanyar abinci, ga kuma bashi yana jiran sa.

Wannan maƙala za ta duba matsalar ta fuskar kimiyya. Za mu ga yadda makulli ke aiki, da dalilin da ya sa wata sarƙar ta fi wata, da yadda wutar inji da tauraron ɗan Adam ke shiga cikin sha'anin tsaro, sa'an nan mu kawo matakan da kowa zai iya ɗauka gwargwadon ƙarfinsa.

Me ya sa ɓarawo ke son babur?

Sana'ar ɗaukar fasinja a babur ta bunƙasa a Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1980, bayan da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sa motoci suka yi tsada. Daga baya baburan Sin da na Indiya, irin su Jincheng da Bajaj, suka shigo da araha fiye da na Japan, har babur ya kai ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba. Yawan nan nasa shi ne ya buɗe masa kasuwar bayan fage, domin inda ake da babura dubbai iri ɗaya, kullum ana neman inji da taya da tanki da kabureta na hannu.

A shekarar 1979 wasu masana halayyar jama'a biyu na Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka bayyana cewa sata kan auku ne idan abubuwa uku suka haɗu a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya: mai niyyar ɗauka, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. In aka cire ɗaya daga cikin ukun, satar ba ta yiwuwa. Babur kuwa ya cika duk sharuɗɗan abin da ya dace a ɗauka. Yana da daraja, nauyinsa bai fi kilo ɗari da 'yan kai ba, ta yadda ƙarti biyu ko uku za su iya ɗaga shi, yana kuma tafiya da ƙafafunsa, wato shi ne kayan satar shi ne kuma abin gudu da su. Hausawa sun riga masana faɗin wannan magana da suka ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A Zamfara akwai wani ƙarin dalili. 'Yan bindigar da suka addabi karkara da babura suke zirga-zirga, abin da ya sa a watan Mayu na 2019 rundunar sojan Nijeriya ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara, kuma a watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta taƙaita zirga-zirgar babura daga yamma zuwa wayewar gari. Ke nan babur ɗin da aka sace a ƙofar masallaci yana iya ƙarewa a hannun wanda zai cutar da al'umma gaba ɗaya. Tsare babur ya zama hidima ga gari, baya ga kasancewarsa kare dukiyar mutum ɗaya.

Darasi daga Jamus

A shekarar 1980 hukumomin Jamus ta Yamma suka fara cin tarar duk wanda aka kama a kan babur babu hular kwano. Manufar ita ce rage mutuwa a haɗurra, amma sai aka ga wani abin mamaki: zuwa 1986 satar babura ta ragu da fiye da rabi. Masu bincike Pat Mayhew da Ronald Clarke da David Elliott, waɗanda suka nazarci alƙaluman a 1989, sun gano dalilin. Yawancin ɓarayin ba da shiri suke fitowa ba, dama ce kawai suke gani su ɗauka. Da yake ba sa yawo da hular kwano a hannu, sun san cewa ɗan sanda zai tsayar da su tun kafin su yi nisa. Haka kuma binciken bai nuna sun koma satar motoci ko kekuna da irin wancan yawa ba.

Abin lura a nan shi ne, ƙaramin cikas yana hana babbar ɓarna. Babu makullin da ba a iya karyawa, amma kowane makulli yana cin lokacin ɓarawo, yana sa shi yin ƙara, yana kuma jawo idon jama'a kansa. Lokaci da ƙara da ido, su ne abokan gabansa uku.

Yadda makulli ke aiki

Kwaɗon da muke saya a kasuwa ya samo fasalinsa ne daga aikin Linus Yale ƙarami, Ba'amurke, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1861 da 1865. A cikin kwaɗon akwai wani ƙarfe mai siffar ganga wanda sai ya juya kwaɗon ke buɗewa. Wasu ƙananan ƙusoshi masu tsawo daban-daban, da sifirin ke dannawa, su ne ke hana shi juyawa. Haƙoran mabuɗi na ainihi kan ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, su jeru a layi ɗaya, sai gangar ta sami damar juyawa. Makullin tayar da babur ma haka yake, sai dai galibi ƙananan falle-fallen ƙarfe ne a madadin ƙusoshi.

Ga wani lissafi ga ɗalibai. Idan kwaɗo yana da ƙusoshi 4, kowace kuma tana iya zama ɗaya daga tsawo iri 4, yawan mabuɗan da za a iya yankawa shi ne 4 × 4 × 4 × 4, wato 256. Idan kuwa ƙusoshin 5 ne masu tsawo iri 6, adadin zai kai 7,776. Wannan ne ya sa a kan sami mabuɗin wani ya buɗe kwaɗon wani a cikin masu araha. Kwaɗo mai lambobi ma haka ne: mai lamba uku yana da haɗi 1,000, wanda mai gwada ɗaya a kowace daƙiƙa zai ƙare cikin ƙasa da minti 17, alhali mai lamba huɗu zai ɗauke shi kusan awa uku.

Akwai kuma matsalar zaizaya. Ƙurar hunturu tana shiga ramin makulli ta zama kamar yashin goge ƙarfe, kuma tarin mabuɗai masu nauyi da ke lilo a jikinsa yayin tafiya suna ƙara cinye shi. In har mabuɗi ya fara zarewa alhali inji na aiki, to makullin ya mutu, kowane irin mabuɗi ma zai iya juya shi. Abin yi shi ne a je wurin bakanike a canza shi ba tare da jinkiri ba. Makullin wuya kuwa, wanda ke kafe kan babur gefe guda, ɗan ƙaramin ƙarfe ne kawai ke riƙe da shi. A riƙa sa shi ko da minti ɗaya za a yi, amma kada a dogara da shi shi kaɗai.

Sarƙa: kauri, tauri da dokar madogara

Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa in aka ƙona ƙarfe a gawayi ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, yakan yi tauri. Kimiyya ta bayyana cewa sinadarin kabon da ke cikin ƙarfen ne ke maƙalewa a tsakanin ƙwayoyinsa saboda saurin hucewa, ya hana su zamewa a kan juna. Sai dai ƙarfen da ya yi tauri har ciki yakan yi saurin fashewa in aka doke shi da guduma. Don haka sarƙar tsaro ta gari ana taurara bayanta ne kawai, don zarto ya kasa kama ta, a bar cikinta da ɗan laushi don ta jure duka. Sarƙar ɗaure dabba ko ta guga ba a yi mata wannan aiki ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a goga mata magagari: in ya ci ta nan da nan, zarto ma zai ci ta.

Kauri ma yana da lissafinsa. Faɗin fuskar da za a yanke yana ƙaruwa ne da ninkin kauri sau kansa. Ƙarfe mai kaurin milimita 6 yana da fuska kimanin murabba'in milimita 28, mai milimita 12 kuwa kimanin 113. Wato ninka kauri sau biyu yana ninka aikin mai yanka sau huɗu.

Sa'an nan sai dokar madogara, wadda Arkimidis na ƙasar Girka ya bayyana fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Idan hannun almakashin yanka ƙarfe ya kai santimita 60, bakinsa kuma santimita 3 daga maƙulinsa, ƙarfin mai dannawa zai ninku sau 20. Danni na kilo 30 ya zama na kilo 600 ke nan. In sarƙa na kwance a ƙasa, ɓarawo zai iya dogara hannu ɗaya na almakashin da ƙasa ya hau ɗayan da dukkan nauyinsa, ko ya mai da ƙasar maƙera ya doki kwaɗon. Saboda haka a ɗaure sarƙa a ɗame, tana rataye a sama, kwaɗon ma kada ya taɓa ƙasa. A zura ta ta cikin jikin babur ko tayar baya, domin tayar gaba ta fi saurin kwancewa, a kuma haɗa ta da abin da ba ya motsi. Babur ɗin da aka ɗaure tayarsa kawai ba a haɗa shi da komai ba, ana iya ɗaga shi a jefa a bayan a-kori-kura. A tuna kuma cewa sarƙa mai tsada da kwaɗo mai araha, ƙarfinsu na kwaɗon ne.

Wuta da mai

Injin babur yana bukatar abubuwa uku kafin ya tashi: iska, da fetur, da tartsatsin wuta a bakin filogi. Hana shi ɗaya ya isa. Mai gyaran wutar babur amintacce zai iya sa ɓoyayyen makunni a kan wayar da ke kai wuta, ta yadda ko an juya makulli, inji ba zai tashi ba sai an taɓa wurin da mai shi kaɗai ya sani. Amfanin dabarar yana cikin sirrinta, don haka kada a sa shi inda kowa ke sawa, kada kuma a riƙa taɓa shi a gaban mutane. Rufe famfon mai da ke ƙarƙashin tanki ma yana taimakawa, domin ɗan fetur da ya rage a kabureta ba zai kai ɓarawo nesa ba, zai mutu masa a hanya tun yana kusa da idon jama'a.

Ƙararrawar tsaro kuwa tana aiki ne da wani ɗan abu mai jin girgiza. Wasu daga ciki sun dogara ne da abin da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880, cewa akwai duwatsun da in aka matsa su sukan fitar da 'yar wutar lantarki. Da an taɓa babur, wannan 'yar wuta sai ta tayar da jiniya. Amma ƙararrawar da ke kuka duk lokacin da akuya ta goge ta, maƙwabta kan daina kula ta, don haka a daidaita jinta yadda ya kamata.

Na'urar bin sawu

Tsarin GPS, wanda Amurka ta kammala a 1995, yana da taurarin ɗan Adam aƙalla 24 da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Kowanne yana aiko da saƙon rediyo mai ɗauke da lokacin da ya taso. Da yake saƙon na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, na'urar da ke ƙasa tana auna jinkirin isowarsa ta san nisanta da tauraron. In ta ji daga taurari huɗu, sai ta lissafa inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300, shi ya sa taurarin ke ɗauke da agogo na musamman.

Sai dai na'urar ba ta iya gaya wa mai babur komai sai ta hanyar layin wayar salula da aka sa mata. Mutanen Zamfara sun ga iyakar wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali, ko a dajin da babu sabis, na'urar ta san inda take amma bakinta a rufe yake. Tana kuma shan batir: in batir mai ƙarfin amfiya 5 na awa guda ne, na'urar kuma na jan kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya, zai ƙare cikin awa 500, wato kamar mako uku, in ba a tayar da babur ba. In har ta nuna inda babur yake, a kai bayanin ga 'yan sanda, kada mai shi ya bi sawun da kansa.

A gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawanci a zaure ake kwantar da babur, shi kuwa zaure shi ne ɗakin da ya fi kusa da titi, ya fi kuma nisa da kunnen masu barci. Wanda tsakar gidansa ke da fili, ya shigar da shi ciki. Wanda ba shi da hali sai zaure, ya sa mai walda ya lanƙwasa masa rodi mai kauri ya zama zobe, a haƙa rami a binne ƙafafunsa da kankare, a riƙa ɗaure babur a jikinsa kowane dare. A duba ƙyaure da sakata, a tabbata ƙusoshin maratayinsa ba ta waje suke ba. Fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida tana da amfani, haka ma rufe babur da tamfol don mai wucewa kada ya san irinsa. Mabuɗi kuma ya kwana kusa da mai shi, ba a kan ƙusar bakin ƙofa ba.

Masu shigar da babur ɗakin kwana su yi hattara da haɗari biyu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma fitilar aci-balbal ko garwashin turare ko maganin sauro na kunnawa sun isa su tayar da gobara. Hayaƙin inji kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma kisa a rufaffen ɗaki. A kashe inji tun daga waje, a rufe famfon mai, a bar shi ya huce, a tura shi da hannu.

A wurin ajiya

Masallaci ranar Juma'a, kasuwa, asibiti, gidan biki da gidan kallon ƙwallo, nan ne babura ke taruwa hankalin masu su kuma yana wani wuri. A ajiye inda ake da mai gadi da ke ba da shaida mai lamba, ko gaban mai shago ko mai shayi da aka gaisa da shi. A haɗa makullai iri biyu, domin kowanne yana bukatar kayan aiki dabam. Abokai biyu na iya ɗaure baburansu da juna. Kwamitin masallaci ko hukumar makaranta za su iya kafa dogon bututun ƙarfe da kankare don ɗaure babura, a kuma yi ƙofar fita guda ɗaya. Kada a taɓa barin mabuɗi a jiki da sunan yanzu za a dawo. In kuwa masu makami ne suka tare hanya, a sakar musu: ana sake sayen babur, ba a sake sayen rai.

Lambobi da takardu

Kowane babur yana da lambar jiki, wadda galibi ke wuyansa kuma a baburan zamani takan ƙunshi haruffa da alƙaluma 17, da kuma lambar inji. A rubuta su, a ɗauki hotonsu da na babur ɗin, a adana rasit na asali a gida, a yi masa rajista a sa lamba. Ɓarayi kan goge waɗannan lambobi, amma bugun da aka yi wajen hatimce su yakan canza tsarin ƙwayoyin ƙarfen da ke ƙasa da su. In masu binciken kimiyya suka goge wurin ya yi sumul suka shafa ruwan asid, sashen da ya sha bugu yakan ci da sauri dabam da na kewayensa, sai lambar ta sake bayyana.

Mai sayen babur na hannu ya gwada lambobin da ke takarda da na jiki, ya nemi shaidu, ya guji wanda aka karyar wa farashi ba dalili, domin karɓar kayan sata da sani laifi ne a doka, kuma mai saye shi ne ke raya sana'ar mai ɗauka. In an yi sata, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa da shugabannin 'yan kabu-kabu da bakanikai nan take. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga hukuma, domin hukuncin taron jama'a ya sha faɗawa a kan marar laifi.

Kammalawa

Mun ga cewa tsaron babur hawa-hawa ne: makullin wuya, sarƙa mai tauri da aka haɗa da abin da ba ya motsi, ɓoyayyen makunni, idon maƙwabci, da takardu a adane. Kowane hawa yana ƙara wa ɓarawo lokaci, shi kuwa ba shi da lokacin. Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan darasi aikin aji: ɗalibai su auna kaurin sarƙoƙi daban-daban su lissafa fuskarsu, su gwada dokar madogara da sanda da dutse, sa'an nan su ƙirga baburan da ke harabar makaranta su ga nawa ne aka ɗaure da wani abu kafaffe. Abin da suka samu su kai wa shugaban makaranta da iyayensu tare da shawarar gyara, domin rigakafi ya fi magani.